Rana a Cikin Tukunya

Litinin, 11 ga Nuwamba, 1991

Yau kam na ga ta kaina. Rediyo ta ce shekaranjiya a Ingila masana sun haɗe ƙwayoyin zarra cikin wata na'ura, irin abin da ke faruwa a cikin rana. Kafin la'asar labarin ya zaga garin nan namu na Arlit ya kai unguwar ma'aikata ta Akokan, kowa ya ƙara masa gishiri. Sai ga Yaya Nomau, ko ƙurar ramin haƙar yuraniyom bai wanke ba. Wai, "Mushe," yadda ake kiran malamin makaranta a nan, "ka jiya? Turawa sun kunna rana cikin tukunya da ruwan teku. Wa ka sayen dutsenmu kuma?" Zai sa hannu a takardar barin aiki da kamfani ke rabawa tun da kasuwar yuraniyom ta faɗi, ya kwashe matarsa Balki da yara ya koma garinmu Buza. Buza! Garin da fari ya share bara, har mu muke aika musu hatsi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na je Akokan bayan tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa. Na zaunar da shi. Na ce Yaya, abu biyu ne. Namu dutsen, ƙwayarsa babba ce, fasa ta ake yi. Na rana kuwa ƙanana ne, na haidirojin, matse su ake yi su zama ɗaya. Har dunƙulen fura na karɓa wurin Balki, na raba, na haɗa, na sake rabawa. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To ai haɗawa ta hi fasawa albarka." Ya sa aka dama furar ya shanye. Ni da nake koyar da kimiyya shekara shida!

Jumma'a, 15 ga Nuwamba

Daƙiƙa biyu fa abin nan na Ingila ya yi. Daƙiƙa biyu! Kuma wutar da na'urar ta ci ta fi wadda ta bayar.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na sake gwadawa. Na ce haɗewar nan a tsakiyar rana take faruwa, da sauran taurari, inda zafi ya kai digiri miliyan goma sha biyar, ga nauyin ranar gaba ɗaya ya danne wurin. A nan duniya ba mu da wannan nauyin, dole a ninka zafin, kuma babu ƙarfen da zai taɓa shi bai narke ba, sai a rataye abin da maganaɗiso. Wataƙila jikokinmu su ga amfaninsa. Ya ce, "Da can ma cewa anka yi jirgi ba shi tashi." Wallahi da ɗalibina ne da na kore shi waje. Amma shi ya riƙe ni har na gama karatu, sai na haɗiye. In ya sa hannu, gidan kamfani ya tafi, asibiti ya tafi, 'yarsa Madina ta bar lakwal tana aji biyar. Ga hanyar garin Tawa da za su bi ba lafiya, kullum maganar 'yan tawaye. Duk na lissafa masa. Allah ya kyauta kawai ya ce.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kaina ke ciwo. Na daina zuwa. Ya yi abin da ya ga dama.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na je. Ban same shi ba, Balki na tsince shinkafa. Na fara masifa, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kai dai Harisu, kana da ilimi amma ba ka gani." Ta ce wata huɗu ke nan, in bas ɗin ma'aikata ta yi oda da safe, sai Yaya ya zaga bayan ɗaki ya yi amai. A bakin rami numfashi ke tsaya masa. Likita ya duba, bai ga komai ba. Shekara goma sha uku yana shiga ƙarƙashin ƙasa ba ko gezau, yanzu zuciya ta ƙi. Ta ce ya fahimci bayanina tun ranar fura, har maimaita wa Madina ya yi. "To mi kake so shi ce ma maza? Tsoro nike ji?"

Haushi ya kama ni, ban ma san na wa ba. Mako biyu ina zuba kamar rediyo.

Jumma'a, 29 ga Nuwamba

Ni na cika masa takardar, tunda Faransancinsa na baki ne. Ba wai na yarda ba. Madina za ta zauna wurina ta ƙare shekara.

Bayan masallaci muka zauna shayi ƙofar gidan Alhassane, abokin aikinsa na rami. Mutum bakwai. Alhassane ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ne masani. Zancen Nomau gaskiya ne, Turawa sun kunna rana?" Yaya na kallon gawayi. Na ce, "Sun kunna." In Alhassane ya zo shi kaɗai zan faɗa masa sauran, kada shi ma ya jefar da aikinsa.

Yaya ya karɓi kofin farko ya miƙo mini, gaban mutane, shi da yake babba. Na karɓa na sha. Ni dai ban yi ƙarya ba.