Farar Yakuwarki Ta Yi Fure, Inna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Wannan ce kakar farko da muke yi a Wara babu ke.

Inna, farar yakuwarki ta yi fure. Ita dai wadda kika ƙullo irinta a bakin zane ranar da aka tashe ku daga tsohon gari, kafin ruwan dam ya shanye shi. Ɗan irin da kika bari bai cika tafin hannu ba. Na shuka shi duka a bayan gida ta wajen tafki, inda kika saba.

Sai ga shi bana ruwa ya taso da wuri. Ya ci kuɓewa, ya ci kabewa, yanzu yana gindin yakuwa. Ita kuwa fure kawai take yi abinta, ko 'ya'ya ba ta ɗaura ba, balle iri ya nuna.

Ina tuna yadda kike zagaya ta da sassafe, ki zaɓi mafi kyau ki ɗaura mata tsumma, kowa ya san ta iri ce. Ko Baba, duk son miyarsa, bai isa ya tsinki ganyenta ba. In na dame ki da zancen cira, sai ki ce, “Bar ta, ɗiyata, sai ta bushe bisa uwatta.”

Na yi iya yina. Ƙanenki Kawu Sale ya jera buhunan yashi, ruwa ya bi ta ƙasa. Na tumɓuke wasu na dasa a tsohon bokiti, suka yi yaushi. Na je har kasuwar Yelwa, farar da suka nuna mini ba ta da tsamin taki. Tsoro nake ji, Inna, kuma ba wanda zan tambaya.

Na yagi bakin zanenki na ɗaura wa mafi tsayi. Yau da safe na tarar da tsumman a jiƙe. Ke kin taɓa tserewa da ita daga ruwan nan. Ni ban san inda zan kai ta ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya tsayar da ruwan nan ko don ƙwaya ɗaya ta nuna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza