Filin da Ta Bar wa Malam Makau

Bukkuyum,
14 ga Sha'aban, 1424.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam da alƙalami, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Nuruddeen, ɗan ƙanena Wali, a Kano. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. An yanke gero, dawa ta kusa. Innarku Saude ƙafar ta yi sauƙi, sai dai tun rasuwar yayarka ba ta cika magana ba.

Saƙonka ya iso, da kaset na hirar da gidan rediyo ya yi da marigayiyar, da roƙon in yarda ku buga abin da ta bari a mujallarku. Ka san ita ce ɗiyata ta fari. Goggonku ta yaye ta, ta riƙe ta a Gummi. Shekara talatin da ɗaya ban kira sunanta ba, ban zauna hira da ita ba, bisa kunyar da muka gada. Da ta fara rubuta littattafai, ta bakin Innarku na aika mata cewa ƙagen labari ɗan'uwan ƙarya ne.

Kaset ɗin ya kwana bakwai cikin gafakar littattafaina kafin in iya kunna shi. Ranar Laraba bayan la'asar na saurara a zaure. Sai ga muryarta, har da ɗan tarin nan nata, kamar tana tsaye bayan asabari. Mai tambaya ya nemi sanin yadda take samun mutanen labarinta. Ta ce ba ta sa mutum a littafi sai ta zaunar da shi a takarda ta yi masa tambayoyi, ya amsa da bakinsa, don kada ta zalunce shi. Ta ce ko alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara. Shekara arba'in ina karantar da wannan mas'ala, ita kuwa ban ji ta bakinta ba.

Daga nan na buɗe akwatinta da mijinta ya kawo daga Anka. Takardunta duk da boko suke, wanda ka san ba na karantawa, sai littafi guda da ajami. Hira ce da wani mutumin labarinta, Malam Makau, tsohon da ke shan fura ba sukari, yana gyaran murya sau biyu kafin ya shiga gida. Ta tambaye shi me yake tsoro, ya ce ranar hisabi. Ta tambaye shi me ya sa yake sunkuyar da kai in ɗiyarsa ta gitta, ya ce kunya ce, ba ƙi ba. Nuruddeen, na gane tsohon nan, ni ne. Ta nema masa uzurin da shi bai nema mata ba.

Tambayar ƙarshe ita ce ko ya taɓa alfahari da ɗiyar tasa. Ƙarƙashinta fili ne, babu amsa. Tun daga ranar, in na buɗe littafi zan karantar, farin filin nan nake gani. In iska ta motsa asabari, sai in ɗaga kai.

Saboda haka na yarda, ku buga hirarrakin duka biyu. Marubuta su koyi jin ta bakin mutum kafin su siffanta shi, masu karatu su san da wace zuciya aka rubuta. Watakila wani uban ya gane kansa tun ɗiyarsa tana da rai, don in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sharaɗina guda ne: kada ku taɓa abin da za ku tarar a filin. Na cike shi da tawadata. Malam Makau ya amsa cewa ya yi alfahari da ita tun ranar da ya raɗa mata suna a kunne, kuma bai sake faɗar sunan ba sai yau. Sunanta Khairat.

Ka gaida Safiya da yara. Innarku da ƙanwarka Aisatu suna gaishe ku. Allah ya jiƙan Khairat, ya haskaka kabarinta, ya yafe wa ubanta. Kai kuma Allah ya yi maka albarka, ya tsare alƙalaminka.

Ni ne babanka,
Malam Manu.