Baƙin Aku Ya Daina Kiɗa

Wokam, tsibiran Aru

Zuwa ga 'yata Yosina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara can Dobo. Ni da sauƙi, sai dai gwiwa. Efraim na coci ke rubuta mini, na sa shi ya rantse ba zai rage ko kalma ɗaya ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da baffanki Welem ya jawo mini wani ɗan kasuwa har gindin bishiyar kenarinmu, wai in sayar da baƙin akun da ke kogonta. Da adda na raka su. Har yau bai ba ni haƙuri ba, ni kuma ban manta ba.

Kin san tsuntsun. Baƙi wuluk, tukku a tsaye, kumatu ja, in ransa ya ɓaci su ƙara ja kamar nawa. Ƙwallon kenarin da sai da dutse muke fasawa, shi da baki yake yi. Kowace safiya yakan gutsuro reshe, ya riƙe da ƙafa, ya yi ta buga wa matarsa kogon kamar makaɗi. Da wannan kiɗan mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, take ɗora tukunyar tuwon sago.

To, tun farkon damina ban ƙara jin kiɗan ba.

Na tare Welem. Ya kwashe da dariya, wai, “Haba Yaya, ga shi can yana bugawa, kunnenka ne ya ajiye aiki.” Ni? Kunnen da ke jin faɗuwar kwakwa daga ƙetaren rafi? Jiya ya ja ni gindin bishiyar, yana nuna mini sababbin sandunan kiɗa a ƙasa, wai tsuntsun ne ya yar. Wa ya san ko da wuƙa ya fere su? Na dai ga baƙin tsuntsu a sama, yana ɗaga ƙafa yana saukewa, amma shiru. Wataƙila wani suka samo, wanda bai iya ba.

Kuma garin nan kaf sun koma raɗa. Har ƙararrawar coci sun rage mata ƙarfi. In ba a ɓoye komai, me ya kawo raɗa?

Ki je bakin jiragen ruwa ki leƙa kejin 'yan kasuwa. In ba ya nan, ki zo da kanki mu tsaya gindin kenarin tare. Ke ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. In kin ji yana bugawa, to, ki faɗa mini. Amma da ƙarfi.

Wasiƙa ta uku ke nan, Yosina. Don Allah wani dai ya ba ni amsa!

Ki gaida jikokina.

Ni ne mahaifinki,
Zadrak Gaite