Yanzu Sai An Tambaye Mu Kafin A Taɓa Mu

Zuwa ga Shugabar Sashen Haihuwa ta asibitin da mu matan Romi muke zuwa awo.

Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da aiki, ke da ma'aikatanki. Sunana Rifkatu, mai sayar da kayan miya. Ni ce wadda ta zo ofishinki shekarun baya, goye da jinjirina Dauda. Na rubuto a fili ne domin matan da ke zaman bencin awo su ma su ji.

Na farko, abin da ya same ni. Cikina na fari ya shiga watan haihuwa, na zo awo. Aka ce in hau gado in kwance zane. Likita ya shigo da ɗalibai, ba wanda ya gaishe ni. Ya sa safar hannu ya fara duba ni ta ƙasa, yana yi musu bayani da Turanci, ko fuskata bai kalla ba. Zafi ya sa na ƙanƙame ƙarfen gado. Da ya gama, wata ɗaliba ma ta gwada. Na koma gida na ga jini, na ɗauka ɗan ya mutu a ciki. Maigidana ya taso daga wurin aikinsa a Rido yana tambayar me aka yi mini, ni ma kuwa ban sani ba. Sai bayan na sauka lafiya wata ungozoma ta ce an motsa bakin mahaifa ne don naƙuda ta taso. Wataƙila aikin daidai ne. Amma jikina ne, kuma ina da kunne.

Na biyu, na rantse ba zan ƙara haihuwa a asibiti ba. Da na faɗi haka a taron zumuntar mata na cocinmu, sai mata suka yi ta buɗe baki. Wata ta ce saboda irin wannan ta daina awo, ta haihu a gida, jini ya kusa kashe ta. Shugabarmu Mama Saratu ta ce ba gudu za mu yi ba, wurinki za mu zo. Maƙwabciyata Hajiya Asabe ta ji labari, ta ɗauki mayafi ta bi mu. Kin ba mu kujeru, kin saurare mu har ƙarshe, ba ki ce haka ake yi ko'ina ba. Duk da haka na fita ban yarda wani abu zai canza ba.

Na uku, bana na dawo da ciki na biyu. Nas ta ja labule, ta faɗi sunanta, ta ce da Hausa: "Maman Dauda, ina so in duba ko bakin mahaifa ya fara buɗewa. Za ki ɗan ji zafi. In kin ce in tsaya, zan tsaya. Kin yarda?" Ta tambaya ko ɗalibai za su iya kallo. Na ce mace ɗaya kawai, sauran suka fita ba gunaguni. Ana cikin yi na ce ta tsaya, ta kuwa tsaya, ta jira na numfasa. Bayan nan ta gaya mini abin da ta gani da abin da zan iya gani a gida. A wannan asibitin na haifi 'yata Murna. Mu muka yi magana, ke kika ji, kuma ga shi ya yiwu.

Saura roƙona. A ɗakin haihuwa, in mata sun yi yawa, har yanzu wasu ma'aikata suna mantawa. A tuna musu. Sababbin likitoci su koyi wannan tun ranar farko. Wadda ba ta jin Hausa ko Turanci, a nemo mai jin yarenta. Mai kunya kuma da ba za ta iya tambaya ba, a yi mata bayani ko ba ta nema ba. Ita ce ta fi bukata.

Allah ya ƙara miki lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci hannuwan da ke karɓar 'ya'yanmu.

Wassalam, taki mai godiya,
Rifkatu, Maman Dauda da Murna, Romi.