Wasan Taubashi Ya Hana Ni Tashi

Cadawa, daren Laraba, daminar farko bayan samun 'yancin kai

Likitan nan Bature ya dakatar da takardar lafiyata. An ce in ci gaba da karatun tuƙin jirgin sama a aji, amma babu tashi. Duk aikin Illa ne, taubashina, mai yi wa likitan tafinta. Ana cikin auna ni ya ce da Faransanci, yana dariya, wai farfaɗiya gare ni. Ina Bature ya san wasan taubashi? Sai ya rubuta.

Yau na roƙi Illa ya je ya warware maganar. Ya ce, "Haba ɗan kawu, so kake a kore ni daga buro, in rasa aikina?"

Tare fa aka yi mana kaciya. Ni na riƙe hannunsa yana kuka.