Falmaran ɗin Baba a Kan Gada

Denver, ranar Lahadi

Yaya Gilbert,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Denise da yara, da fatan sanyin Anchorage bai gama da ku ba. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa ciwon bayan nan da kake yawan ba mu labarinsa. Mu nan lafiya lau. 'Yata Paloma ta koma makaranta, Anti Ofelia ta warware har ta ci gaba da aiko mana miyar koren barkono a tsohuwar robar bota. Baba ma lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana falo yana gardama da talabijin. Na sa wannan a farko ne domin hankalinka ya kwanta kafin ka karanta sauran.

Na san ka tsaya a filin jirginku ranar Alhamis har mutum na ƙarshe ya fito, ba mu a ciki. Saƙon da na tura maka gajere ne, kuma ban ɗauki kiranka ba, domin a waya kai ne mai magana, ni ce mai cewa to. Takarda kuwa ba a katse ta.

Ba na musun cewa shirinka mai kyau ne. Ciwon mantuwar Baba yana ƙaruwa, ka samo masa gidan kula da tsofaffi kusa da kai, mai lambu a cikin hoto, ni kuma na yarda domin na gaji. Ka ce jaka ɗaya ta isa, a bar tarkace. Cikin tarkacen har da falmaran ɗinsa na aiki, ruwan ɗorawa mai ƙyalli, wanda ya yi shekara da shekaru yana sawa yana jagorantar jirage a filin nan. Na jefa shi a kwalin kyauta. Da safe Baba ya shirya kansa da kansa, ya fito da shuɗin kwat a rufe har wuya, na ma yaba masa.

A filin jirgi, ta gadar nan da jirage ke wucewa ƙarƙashinta muka bi da ƙafa, jirgin ƙarƙashin ƙasa na baƙi ne. Da muka kai tsakiya, inda take tudu domin wutsiyar jirage ta wuce, sai ya rage tafiya, ya ce wai gilasan nan sun yi datti, a zamaninsu da wani ya sha faɗa. Na ja hannunsa. A ƙofar shiga jirgi na zaunar da shi, na je tebur in tabbatar kujerunmu suna haɗe. Da na juyo, ba Baba. Mutumin da ke kusa da shi ya ɗago daga wayarsa ya ce shi fa, baiwar Allah, ba a ba shi ajiyar kowa ba.

Na leƙa bayin maza ba kunya, na bi shaguna, na bi ƙofofi ina duban kowane farin kai. Wata 'yar sanda, Ofisa Beasley, ta tambaye ni kayan jikinsa, na ce shuɗin kwat, ta sanar ta rediyo. Aka yi ta kiran sunan Baba, Eloy Archuleta, a lasifika, mutumin da injin jirgi ya cinye wa kunne tun muna firamare. Ana cikin haka aka fara kiran fasinjojin jirginmu, wayata kuma tana ta rawa da sunanka. Can sai ga wata mai shara da kwat ɗin a hannu, ta ce ta same shi a rataye a bayan kujera, an gyara masa kafaɗu tsaf. Ka san wanda ke rataye riga haka. Nan take na gane dalilin rufe kwat har wuya: falmaran ɗin ne ya ɓoye a ciki.

Da na gaya wa Ofisa Beasley, fuskarta ta sauya. Ta ce a ginin nan mai irin wannan falmaran ba mutum ba ne, ginshiƙi ne, ba mai kallonsa, kuma duk mutanenta shuɗi suke nema. Ta ce ƙofofin sauka filin jirage sai da kati, kada in damu. Ta faɗa sau biyu, kuma tana faɗa tana sauri. Ni dai abin da nake gani shi ne wani ma'aikaci mai ladabi ya riƙe wa dattijo ƙofa. Ka tuna labaran da Baba ke ba mu a kan abinci, na yadda inji ke zuƙe hula, idan mai hular ya bi ta ya haɗa da shi? Lokacin dariya muke yi. Na tsaya jikin gilashi ina duban ƙasa, falmaran ko'ina, kowane da alamar Baba, kowane kusa da inji.

Ofisa Beasley ta tambaye ni, idan yana zaton yana bakin aiki, ina zai nufa. Na ce ƙasa. Ta ce to idan ya tashi aiki fa? Sai na tuna Mama, Allah Ya ji ƙanta, ranakun Juma'a, zamanin da ake barin kowa ya shiga, tana jan mu zuwa tsakiyar gada da burito, gurasar nan mai nama a ciki, a naɗe cikin takarda, tana ɗaga wa Baba hannu, shi kuma daga ƙasa yana ɗaga mata sandunansa na jagorantar jirgi. Ban san ina iya gudu ba sai ranar.

A bakin tudun gadar na tarar da cunkoso. Mutane da jakunkuna sun yi cirko-cirko, ba mai gaba. Baba ne a tsakiya, cikin falmaran, da naɗaɗɗiyar jarida a kowane hannu. Ya tsayar da su, wai kowa ya dakata sai wutsiya ta wuce. Yaya, mutanen da za su ci mutuncinka a kan gurbin layi, ga su tsaye shiru suna bin umarnin tsohon da bai san wace shekara ake ciki ba, saboda riga. A ƙasa jirgi yana tahowa a hankali. Kan jirgin ya shige ƙarƙashinmu, daɓen ya ɗauki rawa, wutsiyar tana matsowa daidai saitin ƙafafun Baba. Na sha ganin haka tun ina yarinya, na san tana wucewa, amma sai da na sunkuya. Shi ko gezau. Hannuwansa suna kai da komo a natse, ba rawar nan da ke zubar masa da kofi. Da ta fita ta ɗaya gefen ya sauke jaridun, ya ce wa jama'a su wuce mana, su daina kallo kamar ba su taɓa ganin jirgi ba.

Sannan ya gan ni. Ya ce Cinda, me na tsaya yi da kwat ɗinsa kamar marainiya, in je in gaya wa uwata kada ta jira shi, abinci zai huce. Rabon da ya kira sunana tun bazara. Ba zan rantse ba, amma launin wutsiyar na kamfanin da muka yanki tikiti ne, lokacin ma ya yi daidai. Ina jin jirgin Anchorage ne ya sallama da hannunsa. Jakarsa dai na ji ta iso wurinka.

Saboda haka Baba ba zai zo ba. A nan ya san hanyar ɗakinsa zuwa kicin, ya san inda duwatsu suke idan ya leƙa taga, wani lokacin ya san ni. A can lambun kawai za a ba shi. Gajiyata tana nan, ba na ɓoyewa, kuma maganinta kai ne: ka zo Disamba, ka zauna da shi, in yi barci. Falmaran ɗin na wanke, yana rataye a bayan ƙofarsa, ƙofar waje kuma na ƙara mata sakata.

Ka gaishe da Denise, ka ce na gode da ɗakin da ta gyara. Ka gaishe da Mateo da Inés, su adana kwalin maraba da suka zana wa kakansu, su kawo masa nan. Paloma da Anti Ofelia suna gaishe ku. Idan ka sauka, kada ka shiga jirgin ƙasa. Ka biyo ta gada.

Ƙanwarka,
Lucinda