Ranar da Wuta Ta Gangaro Gonar Kofi

Zuwa ga ƙanwata Rukmini, a Pontianak.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Dik, ƙanwata, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Harjono da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ba ku haƙurin zafin garinku. Mu nan kan dutse kowa lafiya, sai godiya.

Kafin komai akwai sanarwar da ya kamata dangi na nesa su samu a rubuce, don kada tarihi ya yi sakaci da ita. Ranar Talatar makon jiya, da hantsi, tafin hannun yayanki ya yi bororo. Biyu a dama, ɗaya a hagu. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe alli ba a taɓa ganin haka ba. Na kai wa Warsini ta gani, ta duba da kyau, ta ce, "Sannu da jinya, Malam. A tara dangi ne, ko kana ganin za ka kai gobe?" Matar da kika taya ni zaɓa ke nan.

Ga yadda aka yi. Kakar bana ta zo yadda manomin taba ke roƙo. Wata biyu ko ɗigon ruwa babu, safiya da ɗan sanyi mai daɗi, rana ba ta ƙuna, sama tas har kana iya ƙirga itatuwan ƙololuwar dutse. Kowace ƙofa an shimfiɗa tabarmin gora cike da yankakkiyar taba, har filin ƙwallon makarantarmu an cinye, kuma wuni ɗaya take bushewa. Gari duk ƙamshi, mutanen da suka shekara ba sa gaisawa yanzu suna yi wa juna dariya. Ana cikin wannan, lokacin da kowane hannu ke da aiki, Warsini ta ce sai an bar taba wuni guda an hau gonarki, an nome tofar da ke samanta, an share faɗin taku goma har ƙasa ta fito fili. Ta ce tofar ta bushe ƙayau, kuma itatuwan kofin da marigayiya Ibu, mahaifiyarmu, ta dasa miki amana ce a hannunmu.

Na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji shida. Iska mai zafi sama take yi, wuta kuma ita take bi, saboda haka wutar dutse hawa take, gonarki kuwa tana ƙasa. Har littafin na ɗauko mata, mai zane da kibiyoyi. Ta goge hannu ta karɓa, ta juya shi, ta tambaye ni ko wanda ya rubuta shi ya taɓa shanya taba. Ta ce kullum bayan la'asar sai ta kwashe duwatsun da take danne tabarmi da su daga gefen ƙasa ta mayar gefen sama, don a lokacin iska ke juyawa ta sauko daga ƙololuwa. Ta ce, "Kai lokacin kana kan kujera kana karatu, Mas, maigida, ƙeyarka kawai take bugawa."

Haka muka hau mu uku, ni da ita da maƙwabcinmu Mbah Darsono, wanda ya ba saba'in baya amma har yanzu yana riga ni isa ko'ina. Warsini ta ɗauki doguwar tsakiya, Mbah ya ɗauki gabas, aka ba ni kusurwar nan ta wajen babban dutsen da kike zama kina kuka in an hana ki bin mu kasuwa. Na yi aiki, hannuna shaida ne. Sai dai da na kai taku huɗu na tsaya na duba, na ga a ilmance ya wadatar, na zauna a inuwa. Mbah ya zo wucewa ya ce wannan hanyar tawa ko akuya mai ciki za ta tsallake. Na ce masa akuya ba ta cikin lissafin.

Ranar Asabar bayan azahar hayaƙi ya tashi can sama, cikin tofa. Har yau ba a san mafarin wutar ba. Kuma Dik, hawa ta yi, daidai yadda kibiyoyin littafi suka nuna. Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya a ƙofar gida ina nuna wa masu wucewa da yatsa. Muna idar da la'asar sai hayaƙin da ke miƙe ya kwanta, ya fuskanto mu, toka ta fara sauka a kan tabar mutane. Aka buga gangar itacen rumfar gadi, maza da mata suka bar shanya suka kama hanya da fartanya da jiƙaƙƙun buhuna da ɗanyun rassa. Ni ma na bi, ina haki.

Mun iske wutar tana gangarowa da ƙara kamar ana yayyaga ƙyalle. Ta zo bakin inda Warsini ta share, ta yi ta lasar ƙasa, ba ta samu abin ci ba, ta mutu. Wajen Mbah ma haka. A kusurwata kuwa ko tsayawa ba ta yi ba. Iska ta ɗauki tartsatsi ta jefa cikin busassun ganye, kafin a ankara ta kama gindin itatuwa. Warsini da matan unguwa ne suka rufe ta da buhuna, ni kuma na yi ta jidar ruwa daga kududdufin gonar, ba wanda ya nemi ra'ayina.

Kafin magariba an gama. Ba wanda ya ji rauni, ba gidan da ya taɓu, tabar ma kakkaɓe toka kawai aka yi. Cikin itatuwanki arba'in da uku, huɗu ne suka ƙone, duk a kusurwar nan. Mbah ya ce in an sare su daga ƙasa biyu za su tofo idan ruwa ya sauka, sauran biyun kuma na riga na samo dashe, ni zan dasa. Bayan salla aka kawo dambun masara da busasshen kifi harabar masallaci, muka ci da baƙaƙen fuskoki, ana ta dariya. Rabon da in ga garin nan cikin irin wannan nishaɗi tun bikinki. Mafi yawan dariyar a kaina aka yi. Liman da kansa ya roƙe ni, in wuta ta sake tashi, in daure in hau in karanta mata shafin.

Ki gaishe da Harjono, da Bagus da Ningrum, ki ce su dage da karatu, amma su riƙa leƙa waje. Warsini tana gaishe ki, ta ce kofinki na bana yana nan a buhu, za ta aiko. 'Yarmu Larasati da mijinta suna gaisuwa, haka ma Mbah Darsono. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Daryanto

Itatuwan nan huɗu laifina ne, ki yafe mini. Ni ne ban yi daidai ba, kuma na faɗa wa Warsini haka a gaban jama'a tun a gonar. Ta ce iska ta hana ta ji, sai na maimaita.